Ƙarfen da Munka Zaɓar wa Baba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ciwo kuma ya saukar da maganinsa.

Sunana Muntari, mutumin Wurno. Sana'ata gyaran injin ban ruwa, rumfata tana Goronyo. Ban saba dogon rubutu ba. Abin da ya sa na zauna na yi wannan shi ne, tun da mahaifina ya tashi daga jinya mutane ke tare ni da tambaya iri ɗaya: wane ƙarfe anka sa masa, kuma don mi anka zaɓe shi? Nakan ba su amsa a tsaye, guntu-guntu. To ga shi a jere yadda ya faru, don wanda tsohonsa zai faɗi gobe kada ya yi lalube irin namu.

Baba, Malam Garba, ya haura saba'in da biyar. Da ƙuruciya masunci ne a gulbin Rima, daga baya ya koma noman albasa da tafarnuwa a fadama. Mutum ne da bai son a kama masa komai, ko buta ce. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi mini magana sai ya ce, "Kai, makaniki."

Wata Talata da hantsi, lokacin cirar albasa, ya fito zai tafi gona. Igiyar tunkiyar Inna, mahaifiyata, ta harɗe masa ƙafa a tsakar gida, ya faɗi a kan gefensa na dama. Iyakar abin ke nan. Babu mota, babu bishiya, babu rami. Inna ta kira ni a waya ta ce, "Ka taho, babanku ya hwaɗi, ya kasa tashi."

Na ishe shi kwance a zaure. Babu rauni, babu jini, kuma wannan ne ya ruɗe mu. Amma ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin ya kwanta waje kamar ba nasa ba. Na ce ya ɗaga diddige, ya cije leɓe, ƙafar ba ta motsa ba. Da ya samu numfashi, abin da ya fara faɗa shi ne, "Kada ku ce tunkiya ta. Ku ce ga gona na hwaɗi."

Ƙanensa, Baffa Isa, ya riga ya aika a kira maɗori. Ba zan zagi mutumin nan ba, domin shi ya ɗora mini hannu ina yaro, kuma da hannun nake cin abinci har yau. Ya lallaba kwatangwalon, ya ce wataƙila gocewa ce, ya sa anka riƙe Baba ya ja ƙafar. Ihun da Baba ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Anka shafa magani, anka ɗaure da ƙyalle, anka ce a jira.

Kwana uku muna jira. Baba bai iya juyawa, bai iya zama, fitsari ma sai a kwance. Abinci ya fita ransa. Masu dubiya kowa da nasa: wannan ya ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya ce akwai wani maɗori wajen Sisawa da ya fi namu. Ran kwana na uku ƙanwata Luba, wadda ke aure a Gandi, ta iso. Ta ɗaga mayafin ta dubi ƙafar, ta jawo ni waje.

"Yaya, ka dibi ƙahwar ga da kyau. Wagga ba gocewa ba ta. Mu tahi asibiti."

Baffa ya ji ta. "Asibiti mi? Su yanke mai ƙahwa? Mutum nawa munka gani sun tahi da biyu sun komo da guda?"

Ana cikin wannan maɗorin ya dawo duba aikinsa. Ya daɗe yana taɓa wurin, sannan ya share hannunsa ya ce, "Malam Isa, in gaya maka gaskiya, ƙashin ga shina da zurhi. Hannuna bai kai gare shi, kuma babu wurin aza kara. Ku tahi a yi hoto." Allah ya saka masa da alheri. Da ya riƙe girman kai, ban san inda za mu ƙare ba. Amma har yau ina jin zafin kwana ukun nan da munka zubar.

Munka cire ƙyauren ɗaki, munka shimfiɗa katifa a kai, munka ɗauke shi kamar haka zuwa mota. A ƙaramin asibiti anka yi hoto, ma'aikacin ya ɗaga shi sama ya ce karaya ce a saman ƙashin cinya, aikin tiyata ne, sai Sakkwato. Kowane rami na hanya Baba ya ji shi a jikinsa.

A babban asibitin da anka tura mu, tun isarmu nake layin kati, sai bayan la'asar anka samu gado. Duk abin da za a yi amfani da shi, har safar hannu, sai an rubuta maka ka fita ka saya, ka dawo a sake rubuta wani. Anka liƙa wa ƙafar filasta, anka rataya mata jarkar ruwa a gindin gado don ta miƙe, zafin ya ɗan lafa. Gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, kuma yana da hawan jinin da bai taɓa sanin yana da shi ba. Kwana biyu babu wanda ya zauna ya yi mana bayani. Likitoci su zo da safe a jere, su yi magana da junansu da Turanci, su wuce.

Ran na uku na tare babban likitan ƙashin a bakin ƙofa. Na ce, "Likita, ni makaniki ne. Ba na buɗe injin mutum sai na gaya masa abin da ya lalace. A gaya mana." Na zaci zai yi fushi, sai ya yi dariya. Ya ce in kira 'yan'uwana. Mutum ne mai furfura kaɗan, Hausarsa ta gabas ce, "me" yake cewa ba "mi" ba, har Baba ya riƙa kiransa Bakano.

Ya kafa hoton a jikin taga, ni da Luba da Baffa muna tsaye. Ya ce, "Karaya a wannan wurin iri biyu ce. Akwai wadda in an haɗa ta takan zauna, domin gida biyu kawai ƙashin ya rabu. Akwai wadda ba ta zama. Ta babanku marar zama ce." Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Ya nuna mana da biro: ƙashin ya rabu gida huɗu, kuma ɓangaren ciki, wanda ke ɗaukar nauyin mutum in ya tsaya, ya ɓalle gefe guda. Ya ce ƙashin tsofaffi yakan yi laushi ba su sani ba, shi ya sa igiya kawai ta isa.

Sai ya juya bayan wata takarda ya zana mana ƙarfe biyu. Na farko faranti ne dogo da ake kwantarwa a jikin ƙashin ta waje, a ɗaure shi da ƙananan sukurori, sannan wani babban sukuru ya ratsa ta cikinsa ya shiga kan ƙashin da ke cikin kwatangwalo. Ya ce an daɗe ana aiki da shi, ya fi sauƙin kuɗi, akwai shi a ajiye, kuma ga karaya mai zama babu abin da ya fi shi. Amma sai an yi yanka mai tsawo, jini ya fi zuba, kuma da yake a gefe yake, in ƙashin ba shi da bangon da zai jingina, nauyin jiki zai iya sa wurin ya lotsa, ƙafa ta gajarce.

Na biyu sanda ce ta ƙarfe, su suna ce mata ƙusa. Ita ta cikin ƙashin ake zura ta, inda ɓargo yake, daga sama zuwa ƙasa, sannan a ratsa ta da sukuru zuwa kan ƙashin, a kulle ta ƙasa da wani ƙarami. Yankan ƙanana ne. Da yake a tsakiya take, ita ke zama madadin bangon da ya ɓalle, mutum yakan samu ya taka da wuri. Amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma girman da ya dace da Baba babu shi a hannu, sai an aiko daga wani gari.

Luba ta ce ta ji ana cire kan ƙashin gaba ɗaya a sa na ƙarfe. Likitan ya ce ana yi, amma an fi yin haka in wuyan ƙashin ne ya karye har jini ya daina kai wa kan. Na Baba ƙasa da wuya ne, kan yana da rai, gara a bar masa nasa.

Baffa ya nuna gadon da ke kusa da na Baba. Wani dattijo ne a kai, Malam Sambo, mutumin Gandi, Luba ma ta san gidansu. An sa masa faranti kafin zuwanmu, ga shi har yana zama yana cin goro. "Ga shaida nan," in ji Baffa. "Shi hwaranti anka sa mai, ga shi lahiya lau. Don mi za mu biɗi mai tsada, mu kuma zauna jira?"

Likitan ya nemi izinin Malam Sambo, ya kafa hotonsa kusa da na Baba. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga bambancin. Na Malam Sambo layi ɗaya ne, kamar an tsaga rake. Na Baba kamar an taka tukunya.

Na ce, "Likita, in mahaifinka ne fa?"

Ya ce, "Da wannan hoton, ƙusa zan sa masa. Amma ku ji sauran. Babu ƙarfen da ke warkar da ƙashi, riƙewa kawai yake yi har Allah ya haɗa. Ko wanne aka sa, sukurun zai iya huda kan ƙashin ya fito in ƙashin ya yi laushi da yawa ko bai zauna daidai ba. Ko wanne zai iya yin ruwa. Kuma kwanciyar nan ta fi karayar haɗari ga tsoho. Muna buƙatar kwana biyu mu gyara jininsa. In ƙusar ta wuce kwana huɗu ba ta zo ba, ba zan jira ta ba, faranti zan sa in ƙara masa tallafi."

Munka koma gefe muna gardama ƙasa-ƙasa. Baffa yana kan faranti. Luba ta ce a ɗakin mata ta ga wata tsohuwa da anka sa wa ƙusa, wurin ya yi ruwa, har yanzu ba a sallame ta ba, don haka ita ma zuciyarta ta rabu biyu. Sai munka ji muryar Baba daga gado.

"Ƙahwar ga tawa ta ko taku?"

Kunya ta kama mu. Na matsa na maimaita masa komai a hankali. Da na gama ya ce, "In gorar tuƙin jirgi ta tsage sau guda, ɗauri ta waje ya isa. In ta dagargaje, sai ka zura mata icce ciki. Wanga ba sabon karatu ba na." Ya juya ga likitan. "Bakano, wanne za shi bar ni in tashi da wuri?"

"Ina sa ran ƙusa, Baba."

"To a jira ta. Makaniki, a sai da albasa."

Albasar da munka yi niyyar adanawa sai ta yi daraja, haka munka sayar da ita a bakin gona lokacin da kasuwa ta cika da ita. Baffa da kansa ya koma Wurno ya tsaya a kan cinikin.

Kwanakin jiran nan su ne mafi nauyi a wurina. Ɗakin maza ne, Inna da Luba ba su iya kwana ciki, don haka wanka da fo da canza zane duk a kaina. Ranar farko da na zo da ruwa da soso, Baba ya juya fuska bango ya ce in bari. Na ce, "Baba, in ban yi ba wa zai yi?" Na wanke shi yana kallon bango, ni ina kallon soso. Wata nas mai yawan faɗa, wadda da farko na tsane ta, ita ta nuna mini jan tabo da ya fara fitowa a ƙasan bayansa. Ta ce wannan shi ne mafarin gyambon kwanciya, in ya buɗe sai ya fi karayar wahala. Ta koya mini yadda zan riƙa karkata shi da matashi bayan kowane awa biyu ba tare da na motsa ƙafar ba, da yadda zan sa shi ya riƙa jan dogon numfashi yana tari don ƙirji kada ya cushe. Faɗanta bai ragu ba har munka bar wurin, amma tabon bai buɗe ba.

An ce mu kawo masu ba da jini. Na bayar, wasu maƙwabtan gonarmu biyu sunka baro aikinsu sunka zo sunka bayar. Kwana uku ƙusa ba ta zo ba. Baba ya fara ɗan tari, na shiga zargin kaina, ina cewa da mun bi maganar Baffa da yanzu an gama. Ran na huɗu da azahar, likita ya riga ya ce gobe faranti, sai ga mai kawo kayan ya shigo da kwali a hammata.

Washegari da safe anka shiga da shi. Allura anka yi masa a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Bayan kamar awa biyu anka fito da shi, leɓensa a bushe. Ya ce, "Na ji suna bugu kamar maƙera." Da anka buɗe wurin daga baya, yanka uku ne ƙanana a gefen cinya, babban cikinsu bai kai tsawon yatsana ba. A sabon hoton ga sandar nan fara tas a tsakiyar ƙashin, ƙafar ta koma ta miƙe.

Kwana ɗaya bayan aikin, da la'asar, Baba ya rikice. Ya riƙa fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa jirgi na shan ruwa. Bai gane Luba ba. Ya damƙe hannuna ya ce, "Muntari, riƙe igiya! Muntari, kada ka saki!" Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na riƙe hannun ina cewa na riƙe, Baba, na riƙe, hawaye na zuba. Na zaci tafiya ce ta zo. Nas ɗin nan ta zo ta duba shi, ta kira likita, anka gwada jini da fitsari, anka canza wani magani. Ta ce tsofaffi sukan yi wannan ruɗewar bayan tiyata, mu riƙa yi masa magana, mu gaya masa inda yake, mu ba shi ruwa. Bayan kwana biyu ya dawo hayyacinsa, bai tuna komai ba, na koma makaniki.

Ranar da ya dawo daidai, mai gashin ƙashi ya zo da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ya ce Baba zai tashi tsaye. Baffa ya yi tsalle. "Karaya ko sati ba ta yi da ɗori ba za ku tsai da shi? Wanga wane irin ganganci na?" Mutumin ya ce ai don haka anka sa ƙarfen. Munka zaunar da shi bakin gado, jiri ya ɗebe shi, munka jira. Sannan ya kama ƙarfen, ya yunƙura, ya miƙe. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya tsaya kamar ƙirga goma, ya koma ya zauna. Malam Sambo daga gadonsa ya ce, "Barka, Malam Garba. Saura tsere." Washegari taku uku, jibi har bakin ƙofa. Kullum ana yi masa wata ƙaramar allura a fatar ciki don kada jini ya daskare a ƙafa. Mako biyu bayan aikin anka cire zare anka sallame mu.

A gida sai da munka sake tsarin komai. An hana shi tsugunno da zaman tabarma, don haka kafinta ya ƙara wa gadonsa tsawo, ya huda kujera ya yi masa ta bayan gida. Inna ta kwashe dabbobinta ta mayar bayan ɗaki. Tana dafa masa kifi da ƙwai da zogale, ga nono kullum, ga maganin ƙarfafa ƙashi da anka rubuta. Na bar rumfata a hannun abokin sana'a, ina zuwa Goronyo kwana uku a mako.

Mako na huɗu ya yi zuciya. Cinyar na yi masa tsami, ƙafar na kumbura da yamma, ya ce shi ya gaji da wasan yara, a bar shi ya kwanta. Kwana biyu ya ƙi taɓa ƙarfen dogarawar. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Luba ce ta yi dabara, ta je gidan Malam Sambo a Gandi ta haɗa su a waya. Muna ji Malam Sambo yana cewa, "Ni yau har bakin kasuwa na kai da sanda guda. Kai ina ka kai?" Baba ya ce, "Taka karayar ta yara ta, tawa gida huɗu ta." Da anka kashe wayar ya ce in miƙo masa ƙarfen.

A mako na shida munka koma asibiti da tsoro, domin na lura ƙafar ta ɗan fi ɗayar gajarta. Layin ranar ma sai da ya cinye mana yini. Likita ya duba sabon hoto ya ce sukurun ya ɗan zame baya kaɗan, kuma haka anka ƙera shi, don gutsattsarin su matsu da juna. Bai huda ko'ina ba. Gajartar kamar kaurin yatsa ce, ba za ta dawo ba, a ƙara wa takalmi tsawo. Wani baduku a Wurno ya liƙa masa ƙarin fata a ƙasan takalmin dama. A wata na uku hoton ya nuna wani abu fari-fari kamar gajimare ya lulluɓe wurin karayar. Likita ya ce sabon ƙashi ke nan. Daga nan Baba ya ajiye mai ƙafa huɗu ya koma sanda.

Ga wanda ya karanta har nan: in tsohonka ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko babu rauni, kada a ja, kada a jira, a yi hoto ranar. In an ce tiyata, ka tambaya ko karayar mai zama ce ko marar zama, ka sa a nuna maka. Kada ka ce don an sa wa maƙwabcinka faranti ya warke kai ma shi za a sa, kada kuma ka ɗauka mai tsada shi ne mai kyau ga kowa. Malam Sambo da farantinsa yana nan yana yawonsa, Baba da ƙusarsa haka. Kowa an ba shi abin da ya dace da karayarsa. Kuma a tambayi mai ƙafar. Ina da ƙorafi a kan layi da yawan aike da rashin bayani sai ka tsare mutum a ƙofa, amma a wurin nan ne anka tayar mini da uba, ba zan manta ba.

Abu ɗaya ya rage da ke damun Baba bayan ya koma sanda, shi ne salla a kan kujera. Liman ya gaya masa ta inganta, ya ce ya sani, amma goshinsa na kewar ƙasa. A wata na biyar likita ya yarda ya fara gwada sauka a hankali. Mai gashin ƙashi ya nuna masa yadda zai fara dafa abu, ya sauke gwiwar lafiya, sannan ɗayar. Munka yi ta gwadawa a ɗaki, saukar na yiwuwa, tashin ne ke gagara.

Wata Juma'a bayan an fara yankan gero ya ce in bar kujerar a gida. Na ce, "Baba, in kun kasa tashi fa?" Ya ce, "Sai a tashe ni."

Na tsaya damansa a sahu, Baffa Isa a hagunsa, sandar a kwance gabanmu. Anka yi ruku'u, anka ɗago, liman ya yi kabbara. Ina jin numfashinsa yana sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Sahu duka ya riga shi kaiwa, amma ya kai. Da anka tashi raka'a ta biyu ya yunƙura ya kasa. Ban duba Baffa ba, shi ma bai dube ni ba, kowannenmu ya sa hannu ɗaya a hammatarsa, ya miƙe tare da mu.

Bayan sallama mutane sunka fara fita, wasu na zuwa yi masa barka. Na ɗauko sandar na miƙa masa. Akwai yashi manne a goshinsa, na kai hannu zan share, ya kauce.

"Bar shi," ya ce. "Ku tahi ku biɗo takalma. Ni ina nan ƙasa tukuna."